Sirdin Baba Mai Ƙwai

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya, kuma ko yanzu sai da na goge layin farko na sake. Ba isa ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya faru a gidan hayarmu ne ya tsaya mini a rai ya ƙi wucewa. Kaɗan na gani da idona, sauran Inna, matar maƙwabcinmu, ce ta ba ni da bakinta, saboda haka labarin nata ne, ni bari in koma gefe.

"Ɗago shi kaɗan. A'a, ka zarce. Mayar da shi."

Sifana bakanike ya sassauta notin, ya dawo da ƙahon babur ɗin, wato mariƙin tuƙinsa, baya kamar faɗin yatsa, sannan ya ɗaga kai ya dubi tsohon da ke zaune a kan sirdi.

"Baba, tun safe muke ɗagowa muna mayarwa. Ko a shagon mai hoto ba a gyara zama haka."

"Kai dai ɗaure. Lokacin da na fara gyara zama a kan babur, kai ko wandonka ba ka iya ɗaurewa ba."

Inna na tsaye a gefe da matashin kai rungume a ƙirji, tana jira su gama ta ɗora shi a kan tanki. Ba babur ɗin take kallo ba, goshin mijinta take kallo. Ta san akwai wata jijiya da ke tashi a tsakanin girarsa in ciwon ya motsa, kuma ita ce ma'auninta. Sifana ya ƙara murza sifanarsa, wadda daga gare ta ya samo sunan, sai ta ga jijiyar ta kwanta.

"Ya yi," in ji ta.

"Kin ji ta ko?" in ji Baba. "Bayan nawa ne, amma ita ke sanin ya yi."

Baba Mai Ƙwai maƙwabcinmu ne, ɗakinsu na kallon namu, famfo da igiyar shanya ne kawai a tsakani. Tun yana saurayi yake ɗauko ƙwai daga gidan gona yana raba wa masu shaguna da masu shayi. Yakan jera kiret a bayansa har su fi kansa tsawo, ya ɗaure da roba, ya kama hanya a hankali, yara masu keke suna wuce shi suna yi masa dariya. Bai taɓa damuwa ba. Zamansa a kan babur kuwa abin kallo ne: baya a miƙe, gwiwar hannu a sake, cinyoyi sun rungume tanki. Yakan ce wa samarin da ke koyon tuƙi kada su kwanta a kan ƙaho kamar masu wanki, kada kuma su sandare hannu, don duk jijjigar da hannu ya ƙi sha, baya ne zai sha ta.

Shi ya sa da bayan ya fara ciwo, abin ya ba shi haushi fiye da yadda ya ba shi tsoro. Ya ɗauka zaman ne ya ɓaci. Ya kai wa Sifana babur, aka ƙara wa sirdi soso. Ya samu sauƙi, sauƙin ya gudu. Aka ɗaga ƙaho, aka jawo shi kusa da ƙirji. Aka matsar da matakin ƙafa gaba. Kowane gyara sai ya saya masa ɗan lokaci, sannan ciwon ya sake gano inda yake. Ranar da ya kasa sauko da kiret daga kan babur da kansa, ranar Inna ta tasa shi gaba zuwa asibiti.

Likitar ba ta ɓoye mata ba. Ta ja ta gefe, ta kama hannunta, ta ce cutar a cikin ƙashi take, kuma ta yi nisa. Ta ba da magungunan rage zafi, ta ce, "Mama, ku koma gida. Duk abin da kika ga yana ba shi sauƙi, ki bar shi ya yi."

To amma me ke ba shi sauƙin? Kwanciya ta zame masa azaba. In ya yi rigingine sai ya ji kamar ana soka masa ƙusa, in ya juya gefe sai numfashi ya sarƙe. An gwada katifa, an gwada tabarma, an gwada kujera da matasai. Ya rame, idanunsa suka faɗa, barci ya ƙaurace musu su biyu. Rannan da hantsi ya ce a kama shi ya fita ya ga babur ɗinsa, wai ya daɗe bai gaishe shi ba. Babur na tsaye a kan ƙafafunsa biyu na ƙarfe a ƙarƙashin rumfar kwanon da ke ƙofar ɗakinsu. Ya shafa tanki, ya ce bari ya ɗan hau. Inna ta so ta hana, ta fasa. Ya hau da ƙyar, ya sa ƙafafu a kan mataki, ya miƙa hannu ya kama ƙaho, ya ɗan sunkuya gaba.

Tana tsaye tana kallo fuskarsa ta warware, kamar tufa da aka yi wa guga. Kafin ta je ɗaki ta ɗauko masa ruwa, barci ya yi awon gaba da shi.

Tun daga ranar babur ya zama gadonsa. Aka tokare tayoyin da bulo, aka ɗaure kariyar baya da igiya a jikin ginshiƙin rumfa don kada ya karkata. Mai ɗinkin da ke ɗakin ƙarshe ta ɗinka masa matashi daidai tanki, inda yake kifa ƙirjinsa. Sifana kan leƙo kafin ya buɗe gareji, don jikin Baba kullum sauyawa yake, zaman jiya ba ya yi wa yau. Da yamma Inna ta rataya labule da gidan sauro, ta shimfiɗa tabarmarta a ƙasa kusa da tayar gaba.

Mutanen gida suka saba. Matan da suka fito shanya sukan ce, "Baba, a sauka lafiya." Yara in za su makaranta sai sun tsaya.

"Baba, yau ina za ka?"

"Gidan gona. Ku kauce mini daga hanya, birkina ba shi da kyau."

Su watse suna dariya. Inna kuwa, duk lokacin da ta ji yana barkwanci, sai ta shiga ɗaki ta yi kamar tana neman wani abu, don kada a ga idonta.

Amma ƙofar gidan haya ba ta rufuwa. Labari ya fita unguwa cewa akwai tsohon da ke kwana a kan babur. Wasu suka riƙa shigowa da sunan neman ruwa, su tsaya suna kallo. Wani ya ɗauki hoto da waya. Hoton ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har ya isa garin da babban ɗansu yake sayar da yadi. Ƙanwar Baba ce ta tura masa, ta ɗora da magana: wai mutane na tambaya ko yayanta bai haifu ba ne.

Babba, haka kowa ke kiransa, ya iso da rana tsaka a gaban motar ɗaukar kaya. A baya akwai gadon ƙarfe irin na asibiti, mai hannun da ake murzawa kai ya ɗaga, da sabuwar katifa ko ledarta ba a cire ba. Ya shigo da sallama, ya yi turus a bakin famfo. Ya bar uba mai jiki, ya tarar da ƙasusuwa a cikin riga, kife a kan tanki. Ya durƙusa ya gaishe shi. Sannan ya ja uwarsa ɗaki.

"Inna, haka za a bar shi a waje kowa na kallo?"

"A nan yake samun barci."

"Don ba a samu gadon kirki ba ne. Wannan katifar taku ko mai lafiya ya kwana a kai sai ya tashi da ciwo. Na kawo wanda aka yi don masu ciwon baya. Inna, kin san abin da ake faɗa a kaina? Kin ga hoton?"

Ba ta gani ba, ba ta kuma so ta gani. Ta buɗe baki za ta ce an gwada kwanciya iri-iri, sai ta ga idanunsa sun kawo ruwa, ga ƙurar hanya har a gashin girarsa. Ba ta saba jayayya da shi ba. Ɗan fari ne, tun yana ƙarami ba ta iya haɗa ido da shi ta yi doguwar magana. Ta ce, "Ka tambayi mai jikin."

Mai jikin ya saurari ɗansa har ya gama. Ya dubi gadon da ake shigowa da shi, ya dubi matan gida da suka fito suna yaba shi, ya dubi ɗan.

"To, ai ba a kawo wa mutum gado daga wani gari ya ce ba ya so. Ku sauke ni."

Suka sauke shi, suka kwantar. Babba ya murza hannun gadon, kai ya ɗaga, yara suka yi cincirindo a taga suna kallon ikon Allah. Kafin la'asar ya kira Sifana ya ce ya tafi da babur garejinsa, kada tsoho ya riƙa ganinsa yana ɗaga masa hankali. Sifana ya dubi Inna. Inna ta dubi ƙasa. Aka kwance igiya, aka ture bulo, aka fita da shi. Ƙarƙashin rumfa ya zama fili, sai ɗigon baƙin mai a siminti.

Masu dubiya suka yi ta zuwa. Kowa ya shigo sai ya shafa ƙarfen gadon ya sa wa Babba albarka. Kowa ya tambayi jiki, Baba ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Har murmushi yake yi. Inna kaɗai ke ganin hannunsa na ɓangaren bango, yadda ya damƙe ƙarfe har farcensa ya yi fari. In ɗaki ya watse sai ta juya matashin kai, ta tarar ya jiƙe sharkaf. Da gari ya waye ta ga jini a leɓensa na ƙasa, inda ya kwana yana cizo don kada ɗan da ke kwance a bakin ƙofa ya ji nishinsa.

"Malam, bari in faɗa masa."

"Kul, tsohuwa. Yaro ya zo da zuciya ɗaya. So kike ya koma da gadonsa a ka, mutane su ƙara samun abin faɗa? Saura nawa ne ma? Zan iya."

Ta ba shi magani, ta goge masa baki. Wuni ya wuce, wani ya biyo. Barkwancin ya ɗauke. Ya daina tambayar yara sun dawo makaranta ko ba su dawo ba. Jijiyar goshin nan ta tashi ta tsaya, ba ta ƙara kwanciya ba. Inna ta zauna a bakin gado tana tunani: kwanakin da suka rage masa ba su da yawa, kuma ga shi yana kashe su ɗaya bayan ɗaya wajen rufa wa ɗansa asiri. A zamansu duka ba ta taɓa tsallake maganarsa ba. Amma da ta tuna yadda fuskarsa ta warware a ranar nan, sai ta ji ba za ta iya zama ta ga an rufe ta a ɗaure ba.

Da safe Babba ya fita sayo magani. Ta ja mayafinta, ta ce wa mai ɗinki ta riƙa leƙa mata ɗaki, ta nufi gareji.

Sifana na ƙarƙashin rumfarsa yana wanke wani ƙarfe a cikin gwangwanin fetur. Babur ɗin Baba na can gefe an lulluɓe shi da buhu. Ta wuce kai tsaye ta yaye buhun.

"Inna, lafiya? Jikin ne?"

"Sauke mini shi daga kan ƙafafun nan."

"Ki bari in kawo miki anjima. Ko da yake Yaya Babba ya ce..."

"Shi ya sa ba kai za ka kawo ba. In faɗa zai yi, ya yi da ni. Ni na haife shi."

Ya sauke mata. Ta kama ƙaho da hannu biyu, sai nauyin ya rinjayo ta har ta yi tangaɗi. Ba ta taɓa sanin haka abin nan yake da nauyi ba. Shekara da shekaru tana ganin yana juya shi da hannu ɗaya kamar tsintsiya. Ta cije, ta sa ƙugu ta tokare, ta tura.

Hanyar garejin zuwa gida ba ta da nisa, amma akwai ɗan hawa a wajen shagon mai aski. Masu shaguna suka fito bakin ƙofa. Mai shayin da Baba ya daɗe yana kai wa ƙwai ya ajiye ludayinsa ya miƙe tsaye. Babu wanda ya yi dariya. Tsohuwa ƙanƙanuwa, mayafi na zamewa, takalmi ɗaya ya tsinke, tana tura babur mai dogon ƙaho da sirdi kamar katifa. Da ta zo hawan sai ta ji ya yi mata sauƙi. Ta waiga, ta ga Sifana a bayanta, yatsunsa a kan kariya, yana kallon sama.

"Na ce ba ruwanka."

"Ni hanyata nake tafiya, Inna. Hannuna ne ya gaji na ɗora."

A tsakar gida suka yi kiciɓis da Babba, ledar magani a hannunsa. Ya dubi babur, ya dubi ƙafar uwarsa da babu takalmi.

"Inna, me ke nan? Ke da kanki, a titi? Abin da ake faɗa bai isa ba?"

Tana haki, ta jingina babur a jikinta. Karo na farko a rayuwarta ta dube shi ido cikin ido.

"Ba zan yi musu da kai ba. Abu ɗaya nake so. Kada ka yi sallama. Zaga ta bayan ɗaki, ka leƙa ta taga, ka dubi ubanka lokacin da bai san kana kallonsa ba. In ka dawo ka ce a mayar da babur, ni zan mayar."

Ya ajiye ledar a bakin famfo ya zaga. Inna ba ta bi shi ba. Ta san abin da zai gani: tsoho ya cusa gefen zanen gado a baki, ƙafafunsa na murza katifa, hannu biyu sun kama ƙarfen gefe yana ƙoƙarin ɗaga bayansa daga sabon gadon ko da na numfashi ɗaya ne.

Ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo bai dubi kowa ba. Ya karɓi babur daga hannunta, ya tura shi ƙarƙashin rumfa, ya ɗaga shi a kan ƙafafunsa. Ya jawo bulo da kansa, ya ɗaure igiya, ya jijjiga ya ga ba ya motsi. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da ubansa a hannu, kamar yadda ake ɗauko jariri daga wanka.

Suka zaunar da shi. Inna ta sa masa ƙafafu a kan mataki, Sifana ya kai hannuwansa kan ƙaho. Gidan ya yi tsit, har ɗigar famfo ana ji. Baba ya ja numfashi mai tsawo, ya sauke. Kafaɗunsa suka sauko. Babba na tsugune a gabansa yana kallon fuskar tana warwarewa a hankali, bakinsa a buɗe, kamar wanda aka nuna wa abin da bai taɓa sanin akwai shi a duniya ba.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Gadonka yana da kyau. Ka bar wa tsohuwa, ita ma bayanta ya fara." Ya motsa hannu a kan ƙaho ya ɓata fuska. "Wa ya tuƙo mini babur? An karkatar da kan."

"Ni ce," in ji Inna.

"Na sani. Tuƙin mata." Ya lumshe ido. "Kai, karɓi sifana a hannun yaron can ka daidaita mini. Hagu kaɗan."

Babba bai taɓa riƙe sifana ba, sai da Sifana ya nuna masa ta inda ake murzawa. Kafin ya gama ɗaurewa tsohon ya yi barci. Daga ranar, in wani ya shigo da sunan neman ruwa, Babba ne ke tashi ya ɗebo masa, ya ce, "Ga ruwa. Wancan mahaifina ne, ka gaishe shi in kana so."

Kwanakin da suka biyo baya masu daɗi ne, in ji Inna, in har ana kiran irinsu da daɗi. Ya koma tsokanar yara. Ya sha shayi. Ya sa ɗansa ya zauna a kan bulo yana ba shi labarin shagunan da ya fara kai wa ƙwai, waɗanda yanzu an rushe su an yi wasu. Amma ƙarfi na tafiya. Hannuwan suka fara zamewa daga ƙaho. In ya kifa ƙirji a kan matashi sai numfashi ya yi masa wuya, in ya miƙe kuma babu abin da zai tare bayan. Sifana ya ce abin da ya rage shi ne a yi masa majingini na ƙarfe a bayan sirdi, a naɗe da soso. Ya auna da igiya, shi da Babba suka tafi wurin mai walda.

Hantsi ne. Yara na makaranta, maza sun fita nema, mai ɗinki ta tafi kasuwa sayen zare. Inna na tsaye ta tallafe bayansa da tafin hannu, hannun ya fara sagewa.

"Tsohuwa, kin gaji."

"Ban gaji ba."

"Kin gaji, ina jin hannunki na rawa. Hau mana."

"In hau ina?"

"Baya. Ko sai kin biya kuɗin mota?"

Ta dubi ƙofar gida. Duk tsawon aurensu, in ya ɗauke ta, a karkace take zama, ƙafafu a gefe ɗaya, ta riƙe ƙarfen kariya, ta bar tazara tsakaninta da shi don idon mutane. Zaman karkace ba zai tare shi ba yau. Ta tattare zanenta, ta taka mataki, ta ɗaga ƙafa ta haye kamar namiji. Babur ya ɗan yi ƙara, igiya ta riƙe.

"Matso."

Ta matsa har ƙirjinta ya haɗu da bayansa. Ya saki ƙaho, ya jingino a hankali, ƙashi bayan ƙashi, har ƙeyarsa ta sauka a kafaɗarta. Ta zagayo da hannuwanta ta haɗe su a cikinsa. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ta ji zafin bayansa ta cikin riga, ta ji kowane numfashi na shiga yana fita kamar a jikinta ake yinsa.

"Kin sandare," in ji shi. "Saki kafaɗa. Kada ki riƙe ni da hannu, ki riƙe da cinya. Haka. In ba haka ba gobe ke ma sai an kira miki Sifana."

Ta saki kafaɗa.

"Ashe wannan ne gyaran da ya rage. Da na sani da ban wahalar da yaron mutane ba."

"Da can ma kai ne ba ka ce in matso ba."

"Da na ce, da kin matso?"

Ta yi 'yar dariya a cikin wuyansa. "Da ban matso ba."

Rana ta sauko daga kan kwano ta kwanta a kan tayar gaba. Wata kaza ta zo ta sha ruwan da ya taru a gindin famfo. Can a titi wani babur ya wuce, Baba ya bi ƙararsa da kunne har ta ɓace, ya ce sarƙarsa ta saki. Daga nan maganarsa ta koma ƙasa-ƙasa, ba ta gane duka ba. Ta ji ya ambaci Allah. Ta ji ya ce hanya ta yi kyau yau, babu kowa.

"Riƙe sosai," in ji shi. "Akwai rami a gaba."

Ta ƙara matse shi. Ta ji ya taka mataki, jikinsa ya ɗan ɗaga daga kan sirdi, kaɗan, kamar mai tsallakar da kaya masu fashewa. Sannan ya sauko a hankali ya zauna a jikinta. Ta jira numfashi na gaba. Ta daɗe tana jira.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kira kowa ba. Ta sa hannu ɗaya ta shafa fuskarsa daga goshi zuwa haɓa, ta tarar da goshin sumul. Ta yi masa addu'a a kunne, ta mayar da hannun inda yake. Ta san in ta sauka zai faɗi, kuma ba ta ga dalilin sauri ba. Za su dawo su same su.

A daidai nan ne na fito daga ɗakinmu da bokiti, don ranar ban je makaranta ba. Na gan su a ƙarƙashin rumfa, shi ya jingina da ita idonsa a rufe, ita ta ɗora haɓarta a kafaɗarsa tana kallon gaba, kamar masu tafiya mai nisa da ba su so a tsayar da su. Na buɗe baki zan ce a sauka lafiya, sai na lura rigarsa ba ta motsi. Daga bakin titi na jiyo muryar Sifana da ƙarar ƙarfe yana gogar ƙasa. Na ajiye bokitin a hankali don kada ya yi ƙara, na cire takalmana na riƙe a hannu, na koma da baya na saki labule.